Barkono a Miyar Malam

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya zaman Ibadan? Mu nan Gummi lafiya lau, damina ta zauna.

Kin san hannuna da barkono. Wata huɗu ina yi wa Malam miyar kuka irin ta gidanmu, yana ci yana share gumi, bai taɓa cewa komai ba. Ran Juma'a Innarsu ta zo daga Nasarawa Burkullu. Loma ɗaya ta kai ta tsaya, ta ce, "Ɗiyata, wannan yake ci? Ai tun yana ƙarami yaji ke murɗa masa ciki."

Wallahi kunya ta rufe ni. Da ta tafi na tambaye shi dalilin shirunsa. Ya ce, "Kin baro gidanku kin zo cikinmu. Ban so in raba ki da miyarku ma."

Yanzu sai na ɗebe tasa kafin in zuba barkono a tawa. Jiya har ƙari ya nema, abin da bai taɓa yi ba.

Ki sa mu a addu'a, Allah Ya bar mu tare. Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Saratu