Tsinke a Saman Jadawali

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa, ya aiki, ya babanki? Ƙarshen wata makarantar ɗinkina za ta cika shekara talatin, kuma ranar zan ajiye almakashi. An buga min sunayen ɗalibaina a kwamfuta, kowacce da layinta: suna, waƙafi, shekara, waƙafi, abin da ta ƙware a kai. Ki ɗora min a intanet kowa ta ga kanta. Su ɗari biyu da goma sha huɗu ne.

Duk na gayyace su taron ranar ban da Tsinke, ɗalibata ta farko. Shekara tara ke nan da na warware mata ɗinki a gaban masu kaya, ta ɗauki jakarta ta fita. Ina son ganinta ranar, ba zan ɓoye miki ba, amma bakina ya yi nauyi.

Goggonki

*

Goggo,

Ina gaishe ki da kyau. Aiki ya kammala. Na rubuta 'yar manhaja mai bin layi-layi, duk inda ta ga waƙafi ta yanka, ta zuba kowane yanki a gidansa. Minti biyu ta yi, ke da kika ce sai na yi sati! Ki sa a buɗe miki a waya.

Autarki

*

Auta,

Na gani, ya yi kyau, layuka a miƙe kamar an sa guga. Sai dai manhajar taki ba ta iya ƙirga ba, a ƙasa ta rubuta ɗari biyu da goma sha uku. Sannan wa ya ce ki yi wa Tsinke baƙin rubutu mai kauri a can sama? Ina ta jan shafin ƙasa, kowa na wucewa, ita tana nan tsaye tana kallona. Yarinyar nan ko a waya taurin kai.

Goggonki

*

Goggo,

Ki yafe ni, laifina ne. Manhajar tana ɗaukar layin farko a matsayin kan jadawali, inda ake rubuta “Suna” da “Shekara”. Naki ba shi da wannan layin, da Tsinke ya fara, shi ya sa ta hau sama kuma ba a ƙirga ta ba. Layi ɗaya zan ƙara ta koma cikin 'yan uwanta. In gyara?

Autarki

*

Auta,

Dakata tukuna. Ita ta riƙe min tsani na kafa allon makarantar nan, lokacin keke ɗaya gare mu, shi ma sai an lallaɓa. Ki bar ta a inda take. Ƙirgar kawai za ki gyara.

Goggonki

*

'Yata Auta,

Ina fatan kin isa gida lafiya. Bayan tafiyarki daga taron, ana naɗe tabarmi, sai ga Tsinke. Ba tsinke ba ce yanzu, da ƙyar ta shigo ta ƙofar shago. Ta gaishe ni, ta kama gefen mayafina tana duba ɗinkin, wai ya karkace.

Ban iya cin yabon da ba nawa ba, na ce mata, “Hawanki sama kuskuren na'ura ne.”

Ta ce, “Na sani, Goggo. Mijina aikinsa ke nan, tun ranar farko ya gaya min, ya ce gyaran minti ɗaya ne. Kullum sai na buɗe in ga ko kin sa an sauke ni. Sati uku ina dubawa.”

Na yi farin ciki, sai na miƙa mata almakashina. Ki gaida babanki. Kada ki taɓa layin nan.

Goggonki