Ƙwai a Cikin Bututu

Alhamis da dare, unguwar Najma

Kifayena sun yi ƙwai! Na taso daga aiki ƙafafuna na zugi, na haska tocila cikin bututun da na sa a tankin gilashin da nake kiwonsu, sai ga ƙwai manne kamar gero, namijin yana yi musu fifita.

Wata bakwai ina fama da waɗannan 'yan kifayen ruwan teku da ake kira bileni. Biyun farko ashe duk maza ne, ɗaya ya yi ta cizon ɗaya har ya mutu. Mai shagon da na saye su ma bai iya rarrabe su ba. Ni na zauna na yi ta kallo har na gane cewa a irin nawa, namiji ya fi tsawo da duhu, mace kuwa cikinta a cike yake. Sai na koma shagon na zaɓo mace da kaina. Wallahi yau ji nake kamar an ba ni sarauta.

Malam Isa, babban ɗakinmu, da ma ya ce gobe tankin zai fita, mu shida ne, ba wuri. Na ce, "Malam, zo ka gani." Ya durƙusa ya daɗe yana leƙe.

"Uban ne ke tsaronsu?"

"Shi ne, Malam."

Ya miƙe yana murmushi, ya ce, "Khalas, shi ke nan, bar su. Ba ni zan kori mai jego ba."