Gyaran Muryar Motar Malam

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka, na san wannan takarda ba za ta iso hannunka ba, idonka kuma ba zai sauka a kanta ba. Duk da haka ga ni ina rubutawa, domin kai ka saba mini da cewa idan al'amari ya rikice, a shimfiɗa shi a tsanake kafin a yanke hukunci.

Ga yadda muke ciki. Ma'aikatarku ta kammala ƙaura daga Ikko zuwa sabon babban birnin tarayya, an kuma ba wani kujerarka. Gidan ma'aikatan da aka yi mana alkawari har yanzu ba a yi masa rufi ba, saboda haka muna nan Tungan Maje, a gidan hayar da ka bar mu. Na fita takaba, na koma aikina na shugabar makaranta a Sheda. Mahaifiyarka, Inna, ta ƙi komawa Zariya, ta ce ba za ta bar ƙasar da aka binne ɗanta ba. Idonta ya ƙara rauni, tunaninta ma yakan tafi ya dawo. Motarka kuwa ni nake tuƙa ta yanzu, domin ba ni da wata hanyar isa makaranta a kan lokaci. A kanta nake rubuto maka.

Idan na dawo da la'asar na murɗa makulli, ba ta mutuwa. Makullin yana tafin hannuna, inji yana ta karkarwa, ya yi tari, ya sake yi, sannan ya ja dogon numfashi ya tsaya. Yaya abin da aka kashe zai ci gaba da motsi?

Na zagaya makanikai, kowa da tasa fatawar. Wani ya ce man galan da nake saye a bakin hanyar Gwagwalada ne ba shi da kyau. Wani ya ce taimin, wato lokacin da wuta ke kunna mai, ya goce, ya gyara, ba ta daina ba. Ƙanenka Sani ya tafi da ita Kurudu, aka canja fulogi, aka wanke lagireto, wai zafi ne ya yi mata yawa. Ta yi kwana biyu lafiya ta koma halinta. Daga ƙarshe na kai ta wa Oga Bulus, wani dattijon makanike a bakin kasuwarmu. Ya ce baƙin hayaƙi ne ya daskare a cikin kan injin, idan ta yi tafiya sai ya yi ja kamar garwashi. To ko an yanke wuta, muddin kafireta tana tura mai, garwashin nan yana kunna shi da kansa. Ya ce sulo ɗinta ya yi sama, wato injin yana gudu fiye da kima a tsaye, kuma ɗan abin da ke toshe mai idan an kashe mota shi ma ya lalace. Na ce masa na gane. Rabi na gane.

Ya kuma tambaye ni ko mai motar yakan kashe ta a cikin giya, ya taka birki ya saki kuloci. Sai na tuna ɗan zaburar da takan yi duk sanda ka tsaya. Dabara ce kake yi don ka rufe mata baki, ko kuwa haka hannunka yake a tuƙi? Tun a Ikko take da wannan ciwo? Wa zan tambaya yanzu?

Da a nan matsalar ta tsaya, da ban dame ka ba. Ka san al'adarka: ba ka taɓa shiga gida ba sai ka tsaya a ƙofa ka yi gyaran murya don mata su kintsa, sannan ka yi sallama. Malam, tarin motar nan gyaran muryarka ne sak. Ban lura ba sai ranar da na ji Inna daga ɗakinta tana yi maka sannu da zuwa. Tun daga nan, da an yi la'asar takan sa a shimfiɗa mata tabarma kusa da ƙofa.

Da Oga Bulus ya murɗa wani sukuri ya rage sulo, na dawo gida na kashe mota, ta yi tsit. Inna ta zauna a tabarmarta har aka kira magariba, ba ta ko taɓa tuwo ba. Washegari na koma na roƙe shi ya mayar da sukurin inda yake. Ya ce madam, injin zai lalace, shi kam babu hannunsa. Amma ya mayar.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Oga Bulus ya koya mini dabarar kulocin nan, ban taɓa yin ta ba, kuma ba don Inna kaɗai ba. Nakan zauna hannuna a kan sitiyari ina saurare har ta gama. Na san hayaƙi ne da fetur. Na yi imani wanda ya tafi ba ya dawowa. To me nake jira in ji? Duk zamanmu ban taɓa ce maka ina jiran dawowarka ba, don ba a yi mana tarbiyyar faɗin irin wannan ba. Ina jira, Malam. Kullum.

Shekaranjiya Inna ta kira ni ta riƙe hannuna. Ta tambaye ni laifin da ta yi maka, da kake zuwa har ƙofa kowace rana ba ka shigowa ka gaishe ta. Ta ce in ba ka haƙuri a madadinta.

Sani yana ganin a bar tsohuwa da abin da ke sanyaya mata rai. Ni ma da haka nake gani. Amma uwar da take zaton ɗanta yana fushi da ita, ranta a sanyaye yake? Ban san wanda ke da gaskiya a cikinmu ba. Na dai yanke shawara: ranar Asabar za a buɗe kan injin a kankare shi, a daidaita kafireta, a canja abin da ya lalace.

Saboda haka ina neman haɗin kan kowa. Oga Bulus ya yi aikinsa cikakke, kada ya saurare ni idan na sake komawa da roƙo. Sani ya zo da iyalinsa su zauna da mu da la'asar ɗin. Kada kowa ya ce wa Inna ka yi tafiya, ko aiki ya riƙe ka. Kai kuma, Malam, ka yi mini uzuri: zan durƙusa a gaban mahaifiyarka in sake yi mata ta'aziyyarka, kamar yau aka yi rasuwar, in gaya mata ba ka taɓa fushi da ita ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ka huta lafiya.

Ni ce iyalinka,
Hauwa'u
Tungan Maje