Na Ba Ɗan Takara Waƙar Matata

Anti Leiwia, don Allah ki agaje ni, na ɗebo ruwan dafa kaina. Ni mai kaɗa jita ne a ƙungiyar kiɗan ƙauyenmu a tsibirin Nguna. Shekara goma sha tara ke nan da na tsara wa Leimara waƙa, na yi ta rera mata a gindin mangwaron babanta har karnuka suka gaji da ni, ta aure ni. Ba wanda ya san waƙar sai mu biyu da karnukan.

To, bana ɗan takarar da ya yi mana alkawarin tankin ruwa ya nemi waƙa cikin kwana biyu, kaina kuwa ya toshe. Sai na ɗauko tsohon karin, na cire sunanta na sa nasa, inda na yabi idanunta na yabi tanki. Waƙa ta karɓu, mutumin ya ci, tanki ya zo, ita ma a nan take ɗiban ruwa. Amma tun da ta ji ta a lasifika tana sayar da rogo a kasuwar Port Vila, ba ta ƙara yi mini dariya ba. Ko laplap ta gasa, abincinmu na gurzajjen rogo, ƙonannen gefen ne rabona. Na ce mata ai waƙar da ta kawo wa gari ruwa ta fi wadda ta hana karnuka sakat, nan fa na ƙarasa kaina. Abokaina a wurin shan kaba, jiƙon saiwar da muke sha da yamma, sun ce in kai mata tabarmar ban haƙuri kamar yadda al'adarmu take, alhali ita ce mai saƙa tabarmin gidan. Ina kewar matata, Anti. Wai ba ni da gaskiya?

Mai jita, Nguna

Ɗana mai jita, ka ba ni dariya, amma kana da rabin gaskiya. Waƙar da ta hutar da mata daga dakon ruwa ta yi aiki, na jinjina maka. Sai dai irinta ta kowa ce, tana kuma tsufa tare da zaɓenta. Ta soyayya mutum ɗaya ake yi wa, darajarta ke nan. Kai ka yi kyauta, ka zagayo ka ɗauke ba sallama, ka miƙa wa wani ƙato.

Ka je wurin 'yar'uwarka ta saƙa maka tabarma, ka haɗa da zakara, ka kai a gaban kawunnan matarka, ban da kare kai. Sannan ka tsara sabuwa fil, kan Leimarar yau mai furfura da hannun kasuwa, kada ko 'yan ƙungiyarku su ji ta. Tsohuwar kam ta tafi, duk wanda ya ji ta tanki zai tuna. Ka faɗa mata da bakinka cewa ka san abin da ka salwantar mata, abin da take jira ke nan. Allah Ya daidaita tsakaninku.