Kwale-kwalen Venis da na Baba

Landover, Amurka, Lahadi 6 ga Satumba, 2015

Na gaji tiƙis. Yau edita ya ba ni rahoton gasar kwale-kwale ta Venis, garin Italiyan nan da titunansa ruwa ne. Na karanta a shirinmu na rediyo, har da yadda suke tuƙi a tsaye.

Ina hanyar gida Baba ya kira daga Yauri. Ashe yana saurare.

Ya ce, "Na ji ka, Sani. Ka iya ba da labarin ruwan mutane. Tamu gasar fa, yaushe rabonka da ita?"

Na ce, "Aiki ne, Baba."

"To. Ni dai bana na ajiye filafilina, kafaɗa ta ƙi."

Shekara tara ke nan ina ce masa baɗi zan zo in ga tuƙinsa.