Nutson Ranar Alhamis

Maldif, Lahadi

Yaya Safiyyatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Umma, da yara, da aikin karɓar haihuwa. Mun sauka lafiya. Jawwal, wayata ta hannu, ba ya ɗaukar kira a nan sai ya ga dama, shi ya sa nake rubuto miki ta imel. Ki yi haƙuri da tsawonta, bakina cike yake.

Yaya, ashe akwai shuɗi irin wannan a duniya! Tsibirin kaf ɗinsa bai kai rabin unguwar Azizya ba, na zagaye shi da ƙafa kafin maigidana Abdulrauf ya shanye shayinsa. Yashi fari fat kamar garin shinkafa, kwakwa ko'ina, ga ɗan ƙaramin masallaci, kiran salla da ƙarar teku suna shigo mana ta taga ɗaya.

Kin san Abdulrauf ne ya nace mu koyi nutso, ni rakiya na zo yi. To, labari ya sha bamban. Malamarmu mace ce, 'yar tsibirin, sunanta Ilham, gajeriya, ba ta ɗaukar wasa. Ta ba ni rigar ruwa mai rufe jiki har kai, ta goya mini tukunyar iska, ga tabarau, ga takalma kamar ƙafar agwagwa. Na dubi kaina na ce, da Umma za ta gan ni haka, ruƙiyya za ta fara yi mini. Muka durƙusa a ruwa iya ƙirji, ta ce in sa abin shaƙar iska a baki in nutsar da kai. Yaya, na yi numfashi a ƙarƙashin ruwa! Ni, da nake ihu in ruwa ya shiga mini kunne kina wanke mini kai! Shi kuwa uban gayya, injiniya guda, sau uku yana tasowa yana tari.

Nutso huɗu za mu yi a teku, biyu Talata, biyu Alhamis. In mun ci, a ba mu shahada, wato takardar shaida. Ki yi mini addu'a.

Ƙanwarki,
Nadiya

Ƙiblatain, Madina, Litinin

Zuwa ga ƙanwata Nadiya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki, duk muna lafiya, alhamdu lillahi.

Na karanta wa Umma wasiƙarki bayan mun dawo daga Harami. Sai ta ce: "Kakanku kwana tara ya yi a jirgin katako daga tashar Sawakin yana roƙon Allah kada ruwan nan ya taɓa shi, jikarsa kuma ta hau jirgin sama takanas don ta shiga ƙarƙashinsa." Can kuma ta ce in maimaita mata wurin tarin Abdulrauf, ta yi dariya har da hawaye.

Ki bi umarnin malamarki, kada ki yi gaban kanki. Na daɗe ban ji muryarki haka ba, kuma na ji daɗi.

Allah ya dawo da ku lafiya.

Yayarki,
Safiyyatu

Maldif, Talata

Yaya! Yaya!

Assalamu alaikum, ki gaida kowa, ba zan iya jera sunaye ba yau. Na shiga teku! Mita goma!

Kwale-kwale ya kai mu inda ruwan ya yi duhu. Ilham ta ce in zauna a gefe in faɗa ta baya. Na ce, "Ta baya? Kamar buhu?" Ta ce, "Kamar buhu." Na yi bismilla na saki jiki. Muka riƙa sauka a hankali muna riƙe da igiya, ina toshe hanci ina hura iska don kunne ya buɗe. Sai kawai duniya ta yi tsit. Ba hon ɗin bas ɗin maziyarta, ba jawwal, ba mai tambayarki komai. Numfashinki kaɗai kike ji.

Kin san murjanin Umma da take ɓoyewa a akwati? Na ga garinsu, Yaya. Duwatsu ne masu rassa, ja da ruwan hoda, kifaye rawaya suna shige da fice kamar masu sayayya a kasuwa. Wata kififiya tsohuwa ta zo ta wuce ta gabana, ta harare ni kamar na zauna mata a wuri a sahu. Na manta na yi dariya, ruwa ya cika mini tabarau, na fitar da shi yadda aka koya mini, ko gezau. Da muka fito Ilham ta ce a shekarar nan ba ta koyar da mai natsuwata ba. Abdulrauf kunnensa na hagu ya ƙi buɗewa, a mita biyar ya tsaya yana ɗaga mana hannu, miskin.

Abu ɗaya ne ke ɓata mini, tashin zuciya. Na ɗauka kwale-kwale ne, amma ko a tudu ba ya barina, musamman da safe. Gahawar da kika ƙullo mana ma ko ƙanshinta ba na so, kifi kuwa kada a kawo shi kusa da ni. Ga barci kamar kasa. Wane magani zan nema a saidaliyya, kantin maganin nan? Ina so in warke kafin Alhamis, ranar za mu sauka mita goma sha takwas.

Taki,
Nadiya

Ƙiblatain, Laraba da safe

Nadiya,

Assalamu alaikum. Na taya ki murna. Amma kada ki sha kowane magani tukuna.

Zan yi miki tambaya a matsayin ungozoma, ki yi mini uzuri. Yaushe rabonki da al'ada? Ki lissafa sosai. Tashin zuciya a tudu, ƙin gahawar da kike sha tun kina 'yar shekara goma, barci: shekara ashirin ina jin wannan jerin daga bakin mata.

Mai yiwuwa ba komai. Amma mai ciki ba ta nutso da tukunya, malamarki za ta gaya miki haka. Ina roƙonki kada ki shiga ruwa gobe sai kin yi gwaji.

Ki amsa mini yau.

Yayarki,
Safiyyatu

Maldif, Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Har nan ma?

Shekara goma sha ɗaya kowa yana ƙirga mini kwanaki. Likitoci, dangin miji, maƙwabta, matan da ban sani ba a Harami masu dafa kafaɗata su ce Allah ya kawo. Kin san gwaji nawa na yi? Ke kika riƙa kawo mini su a jakarki. Kowanne layi ɗaya, kowanne sai na yi kwana uku ban fita ɗaki ba. Bara na ce halas, shi ke nan, na bar wa Allah, na daina lissafi. Shi ya sa ba ni da amsar tambayarki. Da Ilham ta ba mu takarda ranar farko, na ga tambayar ciki a jiki, dariya na yi na sa "a'a".

Kwana huɗun nan ne karo na farko da na zama wani abu ban da matar da ake jira ta haihu. Na iya wani abu, Yaya, na iya shi sosai. Kina so in ajiye shi in je in tsaya ina kallon layi ɗaya a banɗakin otal?

Gobe zan yi nutsona. Ki gaida Umma.

Nadiya

Maldif, Alhamis, bayan azahar

Zuwa ga Yaya Safiyyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina gaida Umma. Abdulrauf ne. Na san hankalinki yana nan, shi ya sa na ce bari in sanar da ke halin da ake ciki.

Sai yau da safe Nadiya ta nuna mini wasiƙarki, muna kan hanyar zuwa kwale-kwale. Na ce mu koma, ta ce a'a. Ban matsa ba, kin san ta. Muka isa wurin, ta sa kaya tsaf, ta duba iskarta, ta zauna a gefe ta ba ruwa baya. Ilham ta ƙirga mata har uku, ba ta faɗa ba. Ta sake ƙirgawa. Sai Nadiya ta cire abin bakinta ta ce, "Idan kuma gaskiya ne fa?" Ta fashe da kuka.

Da Ilham ta ji bayani, da hannunta ta kwance mata tukunyar, ta sa aka juya kwale-kwalen. Babu asibiti a tsibirinmu, sai a na kusa, tafiyar minti arba'in. Yanzu haka muna can. Nadiya ta shiga wurin likita, ta ce in jira a waje. Ina zaune a kan benci, rabin jikina cikin rigar ruwa, mutane suna ta kallona.

A sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Abdulrauf

Alhamis, la'asar

Yaya,

Assalamu alaikum. Layi biyu. Na sa an sake, layi biyu. Likita ta duba ta ce sati bakwai, ta juyo mini da allon na ga wani ɗan abu yana bugawa.

Na gaya mata na yi nutso biyu ranar Talata. Ta ce ba ta ga abin damuwa ba, amma in ga likitana da zarar mun sauka. Abdulrauf ya yi sujada a tsakar asibitin mutane.

Ki yafe mini maganganun jiya. Kada ki gaya wa Umma, ina so in ga fuskarta.

Asabar da hantsi za mu sauka. Ki zo filin jirgi da kanki, Yaya. Murna nake yi, amma tsoro nake ji.

Ƙanwarki,
Nadiya