Ku Zo Ku Ƙaryata Mijina

Zuwa ga Alhaji Abu Faisal, shugaban dauriyyar Juma'a ta mazan unguwarmu a Madain Fahd, nan Jidda, da sauran 'yan dauriyyar baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni ce Rabi, Ummu Maryam, matar Malam Haruna direba. Yawancinku ba ku san fuskata ba, amma kun san hannuna, domin shekara goma sha takwas ke nan yana miƙo muku masa da shayi ta bayan labule duk ranar da zagaye ya zo gidanmu. Na sa wannan takarda a zauren wayar unguwa, inda maza da mata za su gani, saboda sau biyu ina aika maka saƙo ta hannun maiɗakinka, Alhaji, sau biyun kuma amsa ɗaya ta dawo: "Ma'alesh, ki yi haƙuri, don sauƙinsa ne." Na gaji da wannan amsa. Gaskiya ma na gaji da kusan komai, amma zan daure in faɗi maganar a tsare.

Saboda waɗanda suka zo kwanan nan, dauriyya zama ce ta maza goma sha ɗaya, kowace Juma'a bayan la'asar, gida-gida, bi da bi. Ba a tsallake gidan mutum sai in ya koma ƙasarmu gaba ɗaya ko ya rasu. Haka na tarar. Ko shekarar da ruwan sama ya cika falon Malam Isa, lokacin yana zaune a unguwar Waziriyya, ba ku tsallake shi ba, tabarma kuka ɗauka kuka hau saman bene.

Abin da ake yi a zaman kuwa kowa ya sani, har maƙwabta Larabawa sun sani: musu. Kuma musun da ya fi kowanne tsawon rai shi ne, wane ne gwarzon 'yan wasan Birtaniya tun da aka fara wasa a duniya. Ban taɓa ganin laifinku a kan haka ba. Rabinku a ƙarƙashin Turawan Ingila kuka ci abinci, a gidajensu na unguwar Abhur, wani direba, wani mai gadi, wani kuku. Mijina shekara ashirin yana tuƙa wani injiniya wanda ba ya buɗe komai a mota sai labarin wasanni. Ba zan rubuta sunayen gwanayenku ba, kun kira su a falona har bango ya haddace. Kai, Alhaji, tun da aka fara tseren mota a bakin teku ka kafe a kan direbanka. Alhaji Sale ɗan Kano yana kan ɗan ƙwallonsa. Malam Isa ya riƙe ɗan dambe, yana ƙarawa da cewa da za a bar shi ya kawo Faransawa da an tashi tun tuni. Mijina kuma, shi kaɗai, mai tuƙa kwale-kwale.

Na sha jin yadda kuke yi masa. Alhaji Sale yakan ce, "Sarkin Ruwa, wai mutumin da ke zaune yana tafiya da baya, bai ma ga inda za shi ba, shi ne gwarzo? Masuntan garinmu kullum suna yi, ba a ba su ko kofin silba ba." Shi kuma ya ce, "Naka fa? Mutum goma na yi masa wahala, shi yana gyaran gashi." Ya juyo kanka ya ce, "Ya Abu Faisal, mota ce ke gudu. A ba ni irin tasa a gani, ni da na yi shekara ashirin a hanyar Madina da safe." Akwai ranar da Alhaji Sale ya fita a fusace da takalmin wani, sai da aka bi shi har bakin titi. Mijina ya yi kwana uku yana dariya.

To, ga abin da ya faru.

Na ɗaya, ranar dubiya. Mako biyu bayan Sallar Layya shanyewar ɓarin jiki ta kama Malam Haruna. Hannun dama da ƙafar dama suka ƙi, harshe ya yi nauyi. Hankalinsa kuwa ko ƙwarzane bai samu ba, likita ya faɗa, ni ma da nake kwana da shi na faɗa. Da aka sallamo mu kuka zo ku bakwai, Allah ya saka da alheri, ba zan ɓoye wannan ba. Kuka zauna kamar masu jiran a fito da gawa, kowa "salamtak, salamtak," wato sannu da jiki. Shi ne ya gaji, ya ɗaga hannun hagu, ya buɗe baki. Ina bayan labule, na san abin da yake son tayarwa. Ya ce, "Mai... mai jir..." Bai kai ƙarshen kalmar ba Alhaji Sale ya tare shi: "Sah, sah, Malam. Naka ne gwarzo. Halas, mun yarda, ka huta." Kuka gyaɗa kai gaba ɗaya. Kai ma, Alhaji, ka ce, "Aiwa, mai kwale-kwale ne, babu magana."

Alhaji Sale fa. Mutumin takalmi.

Shekara goma sha takwas ba ku bar masa ko taku ɗaya ba, rana ɗaya kuka miƙa masa nasarar kamar sadakar da ake ba mai bara don ya matsa daga ƙofa. Da kuka tafi bai ci abinci ba. Na zauna a gabansa ina jira, domin na koyi jira. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito: "Ta'aziyyata suka zo."

Na biyu, Juma'ar da ta kasance tamu. Zagaye ya faɗo gidanmu mako uku da suka wuce. Babu wanda ya ce mana an canza. Na jiƙa shinkafar masa tun Alhamis, na goge masa farar doguwar rigarsa ta tob, na sa turaren bahur a falo, na jawo kujerarsa inda ya saba zama, kusa da taga. Sanya masa riga kaɗai yanzu aikin rabin awa ne, ni da shi muna haki. Aka yi la'asar. Yana zaune da hularsa, idonsa a ƙofa. Duk motar da ta tsaya a layi sai ya gyara zama. Da na ga masa ta fara sanyi na kira matar Malam Isa in tambaya ko lafiya. Ba ta ma buɗe baki ba na samu amsa, domin a bayanta muryar Alhaji Sale nake ji yana rantsuwa a kan ɗan ƙwallonsa, ku kuma kuna ta shewa. Wayar a buɗe take. Shi ma ya ji.

Da hannun hagu ya cire hular ya ajiye a kan cinyarsa. Masar kuwa maƙwabta na raba wa.

An ce mini kun zauna kun yanke shawara cewa a ɗauke mana nauyi, kada a wahalar da maras lafiya da matarsa. Ina tambaya da ladabi: wa kuka tambaya? Ni da ke ɗaga shi zuwa bayi, in kai shi asibiti sau uku a mako, in dawo in hau keken ɗinki har bayana ya riƙe, ni ce tuyar masa za ta karya? Ku ne nauyin? Ku ne abu ɗaya a mako da yake sa shi ya nemi a aske masa gemu. Kuma kun fi ni sanin ma'anar tsallake gida a dauriyyarku. Mutum biyu kawai aka taɓa yi wa haka, ɗaya ya koma Gusau, ɗaya yana maƙabarta. Mijina iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, tana aiki, kuma yana numfashi. A wane layi kuka sa shi?

Na uku, abin da ba ku sani ba. Likitar da ke koya masa magana a asibiti, wata baiwar Allah 'yar Masar, ta ce ya zaɓi abin da yake matuƙar son faɗa, su riƙa maimaitawa. Ta ɗauka zai ce addu'a ko sunayen jikokinsa. Ya ce musu. Ta dube ni, na ce mata ta bar shi, haka Allah ya yi shi. Tun daga nan kullum da safe yana gaban madubi yana haɗa hujjarsa, kalma bayan kalma, yawu na zubo masa ina gogewa. Da farko jimla ɗaya sai ta ci masa minti goma. Yanzu dukan hujjar, daga farko zuwa ƙarshe, minti shida ce. Da agogo na auna. Domin waccan Juma'ar tamu ya shirya ta. Tun ranar da ya cire hular bai sake kallon madubin ba, likitar kuma ta ce in ya daina yanzu, abin da ya samu zai zube. Wannan shi ne abin da ke hana ni sukuni, ba masar da ta yi sanyi ba.

Ga kuma abin da, da ina da ƙarfin dariya, da na yi dariyarsa. Ranar dubiya, da kuka ce kun yarda mai kwale-kwale ne gwarzo, ba abin da zai faɗa ke nan ba. Cewa zai yi ya bar mai kwale-kwalen. Ya canza ra'ayi tun a gadon asibiti. Kun yarda da maganar da shi kansa ya saki, don kawai ba ku iya jiran mutum ya ƙarasa kalma ɗaya ba.

Na huɗu, musun kansa, tunda na sha shi shekaru ba tare da an ba ni baki ba. Da injiniyan nan zai koma ƙasarsu ya bar wa mijina kwali biyu na littattafai, da yawansu tarihin 'yan wasa ne. Ni na karanta su, domin kafin aure malamar makaranta ce ni a gida. A fahimtata, musunku ba zai taɓa ƙarewa ba, saboda kowa da mudunsa yake zuwa. Alhaji Sale yana auna suna, wato yawan yaran da ke sa rigar mutum a titi. Malam Isa yana auna wanda ya fi shan duka bai faɗi ba. Kai, Alhaji, kofuna kake ƙirgawa, ba ka so a tambaye ka nawa ne na direba, nawa ne na makanikai. Mijina yana auna daɗewa, wanda ya yi shekaru yana tashi da asuba ya shiga ruwan sanyi ba mai kallonsa. Ku goma sha ɗaya ba a taɓa samun wanda ya ce a tsaya a yarda da mudu ɗaya ba tukuna. Da ina ganin wauta ce. Yanzu na gane ba ƙarshen kuke nema ba, dalilin dawowa Juma'a mai zuwa kuke nema. To shi ma dalilin yake nema, kuka karɓe masa.

Abu ɗaya dai ban daina ganin wautarsa ba: ƙasa guda, maza da mata suna gudu, suna iyo, suna tsalle, suna tuƙa keke, amma a shekara goma sha takwas ban ji sunan mace ya fito daga falon nan ko da a bisa kuskure ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne, kuma ba na kuɗi ba ne.

A mayar da gidanmu cikin zagaye, a fara da wannan Juma'ar, ba sai an sake kewayowa ba. In akwai wanda aka riga aka sa wa ranar, na ba shi haƙuri, ni ma an ba ni da yawa.

In kun zo, ku ba shi minti shidansa. Kada wani ya ƙarasa masa kalma. Kada wani ya kalli waya ko silin. In ya maƙale, ku sha shayi ku jira, zai fito. Ni mace ɗaya ina yin haka kullum, ku goma ba za ku kasa ba.

In ya gama, don Allah ku ƙaryata shi. Kada ku sassauta. Alhaji Sale, ka kira shi Sarkin Ruwa, ka buga cinya, ka ce bai san komai ba. In fushin ya kai, ga takalma nan a bakin ƙofa, ka ɗauki wanda ka ga dama. Likita ba ta hana a yi masa musu ba, na tambaya. Gishiri ta hana.

Wanda kuma ya san zuciyarsa ba za ta iya kallon bakin abokinsa a karkace ba, ya faɗi haka a fili, ba zan zarge shi ba, ni ma na sha shiga kicin in yi kuka. Amma kada ya ce don sauƙin Malam Haruna ne. Don sauƙin kansa ne.

Ba zan gaya muku wanda ya zaɓa ba. Maganarsa ce, ya sha wahala a kanta, da bakinsa zai faɗa. Abin da zan iya cewa kawai, a kwanakin da muka yi a asibiti ni ce nake karanta masa littattafan nan, kuma ni ce nake zaɓar wanda za a karanta. Gwarzon nasa na yanzu ba namiji ba ne. Na san wannan kaɗai ya isa ya sa Alhaji Sale ya yi ta huci daga yau har Juma'a, kuma a haka nake so ya zo.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Alhaji, ya ba ka ikon riƙe jama'arka da adalci. Allah ya bar muku harsunanku da ƙarfinsu, in kuma wata rana na wani ya yi nauyi, ya ba shi abokan da za su jira shi ya gama, sannan su ce masa ƙarya yake.

Zan jiƙa shinkafa ranar Alhamis. Na gaya masa za ku zo, yau da safe ya ce in miƙo masa madubi. Kada ku mayar da ni maƙaryaciya.

Wassalam.

Rabi, Ummu Maryam,
Madain Fahd, Jidda.